Lafiya Uwar Jiki: Dasashi Marar Kauri

Dasashi shi ne ganuwar haƙori. Wani da marar kauri aka haife shi, wani kuwa shi ya cinye nasa da tsananin gugar aswaki, ko buroshi mai tauri, ko gawayi. Da zarar dasashi ya ja baya, sai gindin haƙori ya fito fili, shan ruwan sanyi ya zama azaba.

Abin lura shi ne, dasashin da ya zaizaye ba ya tsirowa da kansa, kuma babu man goge baki ko sassaƙen da ke ƙara masa kauri. Maganinsa dashe. Likitan haƙori yakan kashe wurin da allura, ya yanko ɗan nama daga ganɗar majiyyacin, ya ɗinka a inda aka samu naƙasa. Tun 1985 aka fi ɗauko naman da ke ƙarƙashin fatar ganɗar, domin launinsa ya fi sajewa. Ciwon yakan lafa cikin mako biyu, amma shan taba yana hana dashen kamawa sosai.

Akwai kuma kayan dashe da ake sarrafawa a masana'anta, waɗansunsu daga jikin alade. Saboda haka wajibi ne majiyyaci ya tambayi asalinsu kafin a fara aiki.