Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Gwandu da Kalgo



Da damina ta kankama, kududdufai da tafkunan kewayen Wurogauri sukan cika, yara kuma su mai da su wurin ninƙaya. Ga yaro mai lafiya, babban haɗari shi ne nutsewa, musamman a ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, inda taku ɗaya kan kai mutum daga ruwa iya gwiwa zuwa wanda zai shanye babba.

Ga mai sikila abin ya wuce nan. Sanyin ruwa yana matse jijiyoyi, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje su toshe hanya, cikin dare sai a ji yaro yana kukan ciwon ƙashi. Ga kuma tsargiya, wadda katantanwar ruwa ke yaɗawa. Fitsarin jinin nan da wasu ke ɗauka alamar balaga ce, ɗan jinin da ya rage wa yaron yake ƙarasa kwashewa.

A Turai da Amurka, likitoci kan gargaɗi masu sistik faiburosis, cutar gado mai cika huhu da kakkaurar majina, game da kwantaccen ruwa, saboda ƙwayoyin cutar da ke zama a cikinsa. A nan sikila ce tamu: a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Najeriya.

Don Allah a cike ramukan nan, a kai maganin tsargiya makarantun boko da na allo. Masu unguwa da limamai su sanar da iyaye cewa mai sikila kada ya shiga tafki, a ɗumama masa ruwan wanka a gida.