A Fara Da Makewayi, Ado Ya Biyo Baya

Ya ku 'yan'uwa mata, musamman na Sabon Birnin Gobir da Isa da ƙauyukansu, maganarmu ta yau a kan gyaran tsohon gida ce. Da yawa cikinku kuna zaune a gidajen ƙasa na gado. Waɗansu kuma fitinar 'yan bindiga ta tashe ku daga ƙauye tun wajen 2019, kuka sauka a kangon dangi cikin gari, ko kuka ƙetara ƙasar Maraɗi, da aka dawo aka iske gida ya sha damina uku ba yaɓe. Kuɗin magini kuwa babu. Don haka rabin gyaran a hannun mata ya faɗa.

To, abin da muka lura shi ne, da zarar uwargida ta kwashi adashi, sai fenti da labule da ledar ƙasa. Makewayi kuwa, tun da baƙi ba su cika leƙa shi ba, sai a ce a bari sai baɗi. Haba uwargida! Ai nan ne ran 'ya'yanki yake. Itacen da aka rufe bakin salga da shi gara tana cinsa ta ciki, ba a gani, sai ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa ya rufta da yaro. Ki samu sanda ki ƙwanƙwasa; in kin ji ƙarar kogo, ko kin ga ƙasa ta lotsa, a toshe ƙofar nan da nan, a gaya wa maigida a haƙa sabuwa, a yi mata murfin siminti. In buhu ɗaya kaɗai za ku iya saye, nan ne wurinsa. A nisanta ta da rijiya kamar taki arba'in, gama ƙasa mai yashi ba ta tsare ƙazanta. Cutar amai da gudawa ta 2021 ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, ba ta kuwa bar Jihar Sakkwato ba. Ruwan wanka kuma a yi masa kwata ya fita nesa, kada ya kwanta gindin katanga.

Gama bangon ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. Duk wadda ta ga ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ta san haka: gindi ya narke, sama ya biyo. Sai a kankare inda ya zaizaye, a yayyafa ruwa, a cike da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a yi mata gangare yadda ruwan indararo zai gudu waje. Sa'an nan a bi da makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Kada a ruɗe ki da shafen siminti a kan ƙasa. Kyau gare shi shekarar fari, amma yana tsare laima a ciki, daga baya ya ɓamɓare faifai-faifai, har da naman bangon.

Daɓe dai namu ne tun kaka da kakanni, ba sai mun koya wa Bagobira ba. Tsakuwa, madaɓi, ruwan makuba, a kira maƙwabta gayya, a dama fura. Ɗakin da aka daɓe da kyau ba ya ɓoye kunama. Leda kuwa in an shimfiɗa ta a kan ƙasa mai rami, gara ce ta samu bargo.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce wannan aikin tsofaffi ne. Ku ne kuka karanta tsabta da lissafi: ku auna nisan rijiya, ku rubuta wa iyayenku abin da za a kashe, in an yi hutu ku tsaya bayan kakanninku ku ga yadda ake riƙe madaɓi.

Rufin soro da sauya azara aikin magini ne, kada ki hau. Naki shi ne ki nuna wa maigida inda ya yi yoyo bara, ki matsa masa cikin ladabi tun sanyi bai wuce ba, domin in Mayu ya kama, kowa hankalinsa na gona, magini ma ba ya samuwa.