Idan yaro ya karye: magani, addu'a da maganar da muke faɗa masa

Mangwaro ya nuna, kuma duk mai aiki a asibiti ko shagon magani ya san abin da ke biyo baya daga watan Maris zuwa Mayu: yara da suka faɗo daga bishiya, wani da targaɗe, wani da gocewar ƙashi, wani da karaya. A wannan makon zan yi magana ne da iyayen irin waɗannan yara, kuma zan ɗauki misali daga gidajen Kirista na Madakiya, garin Bajju da ke kusa da Kafanchan a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, inda ruwan Matsirga ke faɗowa daga kan dutse. Mai karatu Musulmi ma zai ga gidansa a cikin zancen, domin ƙashin yaro iri ɗaya ne, kuma tambayar da yaro ke yi idan ciwo ya dame shi ba ta san addini ba.

A wannan yanki yaro yana tashi ne da addini a kunnensa. Da asuba iyali na yin addu'a kafin a fita gona, ranar Lahadi akwai makarantar Lahadi inda ake haddace ayoyi, uwa na zuwa Zumuntar Mata da goyo a baya, idan ya ɗan tasa ya shiga Birged ko ƙungiyar mawaƙa. Abin ya daɗe. Tun farkon ƙarni na 20 'yan mishan na SIM suka kafa tashoshi a Kwoi da Kagoro, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1954 aka kafa ECWA, sannan a 1995 Kafanchan ta samu nata dayosis na Katolika. Abin lura shi ne, a yawancin tashoshin mishan akwai majami'a, akwai makaranta, akwai kuma ɗakin shan magani. Waɗanda suka kawo bisharar ba su raba addu'a da magani ba.

To, a ce yaro ɗan shekara takwas da ya taso a haka, wanda aka koya masa cewa Allah na ƙaunarsa yana kuma tsaronsa, ya faɗo daga reshe ya dafa ƙasa da hannu, gwiwar hannun ta kumbura. A ranar ne zai fara gwada abin da ya haddace da abin da yake ji a jikinsa. Abin da manya suka yi a sa'o'in farko shi zai nuna ko hannun zai tsira. Abin da suka faɗa masa a makonnin da ke biye kuwa, shi zai nuna irin Allahn da zai girma yana bauta wa.

Sa'o'in farko

Kada a ja hannun ko ƙafar da nufin miƙar da ita. A tallafe ta yadda aka same ta da kwali ko ɗan katako da aka naɗe da zane, a ɗaure sakwa-sakwa. A cire awarwaro, zobe ko agogo kafin kumburi ya riƙe su. Idan ƙashi ya huda fata, a rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, kada a zuba gishiri, toka, manja ko garin magani, kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya ko yaron ya kammala allurar rigakafin sandarewar jiki, wato tetanus. Kada a ba shi abinci a hanya, domin mai yiwuwa a buƙaci sa shi barci kafin a gyara ƙashin. Idan kuwa da kai ko baya ko wuya ya faɗo, ko yana amai, ko yana yawan gyangyaɗi, a kwantar da shi a kan abu mai faɗi, a ɗauke shi a miƙe, a nufi asibiti nan take.

Hoton ƙashi shi ne mafarin komai. Mutumin Madakiya yana da babban asibitin Kafanchan, wanda ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, a kusa da shi. Idan karayar ta fi ƙarfinsu za su tura Jos ko Asibitin Koyarwa na Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Na san da yawa za su ce ai akwai maɗori a unguwa, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Maɗora mutanenmu ne, an kuma daɗe ana zuwa wurinsu. Sai dai idonsu ba ya ganin cikin tsoka. Karayar da ke saman gwiwar hannu, wadda yara suka fi samu idan sun dafa ƙasa, tana kusa da babbar hanyar jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu. Ƙashin yaro kuma yana da wurin tsiro a kusa da gaɓa, idan ya taɓu aka ɗora shi a karkace hannun na iya girma a karkace. Babban haɗarin shi ne ɗauri mai tsauri da karare: gaɓa na kumbura, ba ta da inda za ta buɗa, jini ya daina gudu, cikin 'yan sa'o'i tsoka ta fara mutuwa. Nan ne karayar da kan warke cikin mako huɗu zuwa shida take komawa ruɓa, har ta kai ga yanke hannu. Ko ɗorin gida ne ko filastar asibiti, idan yatsu suka kumbura sosai, suka yi sanyi, suka sauya launi, ko yaron ya ce ba ya jin su, ko ciwon na ƙaruwa duk da magani, kada a jira gari ya waye.

Ciwo ba darasi ba ne

Akwai iyayen da ke ganin barin yaro ya sha azaba zai koya masa jimiri, ko zai hana shi sake hawa bishiya. Ciwon da ba a kashe ba yana hana barci, yana hana cin abinci, yana sa yaro tsoron asibiti har girmansa. Ga kuma waɗanda tausayi ke sa su ba yaro duk ƙwayar da ke cikin jakarsu. Dukansu biyun na cutar da shi.

Maganin yara da nauyinsu ake auna shi, ba da shekaru kawai ba. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo ɗaya. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300 ke nan, wato mililita 12.5 na ruwan maganin da aka rubuta miligiram 120 a cikin mililita 5. A bar aƙalla sa'a 4 zuwa 6 tsakani, kada ya wuce sau 4 a cikin sa'a 24. A yi awo da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da kwalbar, domin cokalin gida ba ma'auni ba ne. A duba magungunan mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kada a ninka wa hantar yaro kaya. Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, duk sa'a 6 zuwa 8, bayan an ci abinci, kuma ba a ba yaron da ke amai da gudawa, ko mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki. Mai asma a tambayi likita tukuna.

Asfirin ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne. Kodin da tiramadol kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 12 ba, saboda suna iya danne numfashinsa yana barci. Ku tuna a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Idan ciwon ya gagari waɗannan magunguna biyu na farko, wannan saƙo ne cewa a koma wurin likita. Ku sayi magani a wurin mai lasisi, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Me na yi wa Allah?

Bayan baƙi sun watse dare ya yi, yaro kan yi wannan tambaya, ko da baki ko a zuci. Sau da yawa mu manya ne muka dasa ta. "Allah ya kama ka, ba na hana ka ba?" "Da ka je makarantar Lahadi da haka ba ta faru ba." Uwa na faɗin haka ne cikin firgita, amma yaro na ɗaukarsa a matsayin koyarwa. Sai ya fara ganin Allah kamar ɗan sandan da ke laɓe yana jiran ya yi kuskure. Wani kuma maƙwabci zai zo ya ce hannun mutane ne, a nemi wanda ya yi. Daga nan yaro ya koyi zargin kakarsa ko kishiyar uwarsa.

Littafin da ake koya masa ba haka ya ce ba. A Bisharar Yahaya sura 9, almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, shi kuwa ya kore duka biyun. A littafin Sama'ila na Biyu akwai labarin Mefiboshet, jikan Sarki Saul. Yana ɗan shekara 5 mai renonsa ta ɗauke shi a guje da jin labarin mutuwar mahaifinsa a yaƙi, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Bai warke ba har girmansa, amma Sarki Dawuda ya aika aka nemo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ba shi wurin zama a teburin sarki. Wannan labari ya dace da yaron da ke kwance da filasta, ya kuma dace da yayarsa da aka bar wa renonsa ranar da ya faɗo. Ita ma tana ɗauke da nata ciwon, kada a ƙara mata da gori.

Ga masu cewa shan magani raunin bangaskiya ne, su ma littafin ya ba su amsa. Luka, marubucin ɗaya daga cikin bisharu huɗu, likita ne. A misalin Basamariye mai tausayi, mutumin ya wanke raunukan wanda ya tsinta, ya ɗaure su, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinya daga aljihunsa. Annabi Ishaya ya sa an shafa wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Don haka a yi addu'a a mota ana tafiya asibiti, a yi ta a bakin gado. Duk wanda ya ce a kwance filasta, ko a zubar da magani, ko a sa yaro mai karaya azumi don a nuna bangaskiya, a gode masa a sallame shi, a kuma sanar da fasto ko fada. Jikin da ke gina ƙashi na bukatar wake, ƙwai, kifi, madara, waken suya da ganye, da isasshen barci.

Abin da zai taimake shi

Ku gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Idan allura za ta yi zafi, ku ce za ta yi zafi kaɗan kuma kuna riƙe da hannunsa. Kada ku yi masa alkawari a madadin Allah cewa ranar Lahadi zai miƙe, domin idan Lahadin ta wuce yana kwance, da ku da Allah duka zai daina yarda. Ku bar shi ya yi addu'a da kalmominsa, har da ƙorafi. Zabura cike take da mutanen da suka kai kukansu gaban Ubangiji ba tare da ɓoye komai ba. Namiji ma yana kuka, kada a ce masa soja ba ya hawaye.

Ikilisiya na da nata aikin. Malamin makarantar Lahadi ya zo da 'yan ajinsu su gaishe shi, su yi masa waƙar da ya fi so. Zumuntar Mata da dattawa su tuna cewa abin da ke kai iyali wurin maɗori sau da yawa rashin kuɗin hoto da na mota ne, ɗan baiko na musamman zai iya ceton hannu. Idan likita ya yarda, a mayar da shi makaranta da sujada ko da filastar, a ba shi ɗan aiki, ya karanta aya ko ya riƙe kwanon baiko da hannu mai lafiya. Kada a tilasta masa tsayawa gaban jama'a ya ba da shaida. Idan ya shirya da kansa zai faɗa, watakila bayan shekaru.

Ku kuma sa ido bayan an cire filasta. Gaɓar za ta yi tauri ta rame na ɗan lokaci, a bi motsa jikin da aka koya, kada a murɗa ta da ƙarfi ko a gasa da ruwan zafi. Idan yaro ya koma fitsarin kwance, ko mafarkin faɗuwa, ko firgita da ƙin fita wasa, har abin ya wuce wata guda, a gaya wa likita. Wannan ma rauni ne, kuma yana da magani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga mahaifinsa ya sayar da buhun citta ya kai shi hoto, ya ga mahaifiyarsa na tashi cikin dare tana auna masa magani tana addu'a, ya ga 'yan ikilisiya sun cika tsakar gida, ya samu fassarar abin da aka daɗe ana karanta masa game da ƙaunar Allah. Kafin nan dai, a nemi doguwar gora a ajiye a gindin mangwaro, rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.