Ba a Rasa Ba, Nema Ne Ba a Iya Ba

Kwanan baya wata ɗalibar jami'a ta zo gidana tana son mu yi hira a kan littattafaina. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Anti, wallahi babu wanda ya taɓa nazarin littattafan soyayya, na duba rumbun laburarenmu kaf ban ga komai ba."

Raina ya ɓaci. Ni da na tsaya a sakandare na san an yi, ita da ke aji huɗu ba ta sani ba? Na ce ta nuna min yadda ta nema. Ashe taken kundinta gaba ɗaya, kalma kusan goma sha biyar, ta zuba wa JSTOR da Hausa. Haba! Na'ura ba malaminki ba ce da zai gane nufinki. Kalmar da kika ba ta ita za ta bi, kuma akasarin nazarin da aka yi a kanmu da Turanci ne.

Na ce ta goge, ta rubuta soyayya da Hausa kawai, ta sa AND a tsakani. Nan da nan ga maƙalar Brian Larkin ta 1997 a kan finafinan Indiya da littattafanmu. Na ce ta gwada sunan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba mana, adabin kasuwar Kano (har yau ba na ƙaunarsa), amma da Turancinsa, "Kano market literature", cikin alamar zance don kada na'urar ta watsa kalmomin. Sannan sunayen manazarta: Abdalla Uba Adamu, Novian Whitsitt, Graham Furniss, wanda shi da abokan aikinsa suka fitar da jerin littattafanmu na 1987 zuwa 2002.

Sai tarkon rubutu. Wani ya rubuta Funtuwa, wani Funtua, dole ki haɗa su da OR. Haruffa masu lanƙwasa ma haka, ki gwada ƙ, ki gwada k.

Abin da ke damuna, in ta rubuta "babu wanda ya taɓa" aka sa mata hannu, na bayanta daga kundinta za su kwafa, a koma zaginmu daga farko kamar ba a taɓa ba da amsa ba. Na ce ta je wurin ma'aikacin laburare ya buɗe mata AJOL ma, ta karanta maƙala biyar. In ta gama ta dawo mu yi hirar.