Igiyar Guga da Sirrin Lamba 50

'Yan'uwa ɗalibai, wannan makon da wasa za mu fara. Mu samo igiyar guga mai kauri, irin ta jan ruwa a rijiyar Kusugu, mu ƙulla ta da siririyar igiya, mu miƙe su, sannan mu kaɗa bakin siririyar. Kaɗawar za ta ruga har ƙullin, kaɗan ta wuce, saura ta dawo hannunmu.

Haka siginar rediyo take yi a cikin waya. Akwai masu rediyon sha'awa, waɗanda ke da lasisin hira da juna ta iska daga ɗakunansu. Lambar kiransu a Nijeriya da 5N take farawa, ta maƙwabtanmu na Nijar, can bayan Kwangwalam, da 5U. Na'urarsu ta aika sigina takan miƙa wa amfilifaya don ta ƙara mata ƙarfi, ita kuma ta tura wa eriya. Kowace na'ura tana da turjiyarta ga lantarki, ana auna ta da om, sunan Georg Ohm na Jamus. An daidaita a kan om 50, har wayar da ke haɗa su.

To idan aka saɓa fa? Mu ɗauko biro. Na'ura mai om 50 ta tura wat 100 ga amfilifaya mai om 100. Mu raba bambancinsu, 50, da jimillarsu, 150: ɗaya bisa uku. Mu ninka shi da kansa: ɗaya bisa tara. Wato kusan wat 11 ya juyo baya. Da om 150 ne, wat 25 zai dawo, har tiransisto ya yi zafi ya ƙone. Maganinsa ƙaramin akwati ne mai naɗaɗɗiyar waya da kafasito, wanda ke shiga tsakani ya sasanta su. (Wayar eriyar talabijin om 75 ce, kada a ara.)

Mu da ba mu da irin wannan na'ura, muna da 'yar'uwar matsalar a masallatai da wuraren biki. Lasifika biyu masu om 8, in aka jona su gefe da gefe, om 4 suke komawa. Huɗu kuwa om 2. Amfilifayar da aka ƙera don om 4 sai ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta mutu ana tsakiyar huɗuba, a ɗora wa mai gyara laifi.

Ranar Juma'a mu nemi izinin ladan, mu leƙa bayan amfilifayar, mu karanta lambar da ke kusa da alamar Ω, mu ƙirga lasifikokin.