LAFIYA UWAR JIKI: Dashen Haƙora, Sirrin Yana Wajen Awo

Wata dattijuwa a ajinmu na iyaye mata ce ta jawo maganar wannan wata. Duk lokacin da karatu ya zo kanta sai ta ja hijabi ta rufe baki, domin haƙoranta na sama duk sun zube, na robar da aka yi mata kuma zamewa suke yi. Nama ya gagare ta, haruffan da ke fita tsakanin harshe da haƙora sun ƙi zama. 'Ya'yanta sun haɗa kuɗi za a yi mata dashe, shi ne ta ce, "Malama, ya halatta kuwa?"

Malamai sun halatta, domin magani ne. Hujjarsu ita ce Sahabi Arfaja bin As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare. Abin da aka hana shi ne fiƙe lafiyayyun haƙora don neman wushirya.

To, yaya ake dashen? Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya gano cewa ƙashi yana kama ƙarfen taitaniyam, ya kuma fara dasa wa mutum a 1965. Yau ga wadda ba ta da haƙori ko ɗaya, akan kafa ƙusoshi 4 zuwa 6 a ƙashin muƙamuƙi, a ɗaure jerin haƙoran gaba ɗaya a kansu.

A nan awo ya zama komai. Haƙorin da Allah Ya halitta yana da 'yan zaruruwa da ke ba shi damar ɗan motsawa, amma ƙusar dashe kafe take. Idan jerin bai hau daidai ba, sai noti ya riƙa kwancewa ko haƙoran su tsage.

Da can, wani abu mai kama da ƙullu ake cusawa a baki har ya daskare, abin da kan sa wasu yunƙurin amai. Yanzu akwai na'ura mai kama da babban buroshi, da kyamara a bakinta. Likita zai bi baki da ita tana ɗaukar hotuna barkatai, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da siffar bakin, sannan inji ya sassaƙa haƙoran.

Sai dai 'yar'uwa, kada ƙyalƙyalin na'ura ya ruɗe ki. Da alamomi take gane inda za ta haɗa hoto da hoto, shi kuwa dasashi marar haƙora sumul yake, ga yawu. Kamar mai awon yadi goma da taƙi ne, ɗan kuskuren farko kafin a kai ƙarshe ya girma. Shi ya sa ƙwararru kan ɗaura 'yan sanduna masu alama a kan kowace ƙusa, wasu su ƙara da kyamara ta musamman mai auna mazaunin ƙusoshin, sannan a yi gwaji a baki kafin a ƙera na dindindin.

Saboda haka idan kin raka Hajiya asibiti, ki tambayi likita: ta yaya zai tabbatar awon ya yi daidai? Za a yi gwaji da hoton ƙashi kafin a ɗaure? Sau nawa ya yi irin wannan aiki? Ki kuma sanar da shi idan tana da ciwon suga, domin idan bai daidaita ba yana hana warkewa. Bayan an gama, wanke baki kullum da komawa dubiya dole ne, don dasashin da ke kewaye da ƙusa yana iya kamuwa da cuta.

Tambaya ba raini ba ce, kula da iyaye kuwa ibada ce. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata musu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalam.