Kalmomi 16, Rukuni 4: A Yi Mana Irinsa Da Hausa

Wani ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jihar Taraba ne ya koya mini wannan wasa, a teburin mai shayi a unguwar Mayo Gwoi da ke Jalingo. Na ga ya ƙura wa waya ido har shayinsa ya huce, na ɗauka ko wata ce ta ƙi shi. Da na tambaya sai ya ce, "Baffa, saura kuskure ɗaya in faɗi." Ya miƙo mini wayar.

Sunan wasan Connections, jaridar New York Times ta Amurka ce ta fito da shi a watan Yunin 2023, wata mai suna Wyna Liu ke tsara shi. Kullum ana jero kalmomi 16, kai kuma ka raba su gida huɗu, kowane gida kalmomi huɗu da wani abu ya haɗa su. Ka yi kuskure sau huɗu, an tashi wasa, sai gobe. Kowane rukuni da launinsa: rawaya ne mai sauƙi, sai kore, sai shuɗi, sannan shunayya mai sa mutum tagumi. Kafin wannan ma gidan talabijin na BBC a Ingila yana da shiri mai irin wannan salo, Only Connect, tun 2008.

Na yi mako uku ina bugawa. Yawancin ranakun da na faɗi, Turancin na gane shi sarai. Abin da ya kayar da ni shi ne sunayen ƙungiyoyin wasannin Amurka da alawoyinsu da taurarin finafinansu. Wasan an ɗinka shi ne daidai wuyan mutumin New York, ni kuwa aron riga na yi. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a yi mana namu.

Hausa ma ta fi dacewa da wannan wasa. Daɗinsa yana cikin tarko, wato kalmar da za ta iya shiga gida biyu. Rubutun boko kuwa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka tarko a wurinmu kamar ƙasa. Rubuta "gari", ka bar mai karatu ya zaɓa tsakanin inda ake zama da abin da ake tuƙa tuwo. "Fari" launi ne, rashin ruwan sama ne, kuma ƙwarin da ke cinye gona ne. "Gashi" na kan mutum, yana kuma wurin mai tsire.

Don kada a ce baki kawai nake yi, ga nawa na gwaji, na mutanen Jalingo: kuka, Sardauna, wuya, Barade, Lau, tsamiya, kai, Sintali, Kurmi, kanya, Turaki, ciki, Donga, ɗorawa, Majidadi, baki.

Mai gaggawa zai hango sarautu ya yi tsalle. To amma biyar ne a gabansa: Sardauna, Barade, Sintali, Turaki, Majidadi. Dole ɗaya ya fita. Zai iya cewa sintali ai buta ce, ya cire ta, ya faɗa rami. Wanda ya taɓa kaɗa ƙuri'a a garin nan ya san huɗu daga cikinsu mazaɓun Jalingo ne, Sardauna kuwa ƙaramar hukuma ce can kan tsaunin Mambila, ɗaya daga cikin 16 da jihar Taraba ke da su. Daga nan zai gane cewa Kurmi bai zo don ya tsaya cikin itatuwa ba, Lau kuma ba ta gaisuwar safe ba ce. Sauran na bar muku, sai dai ku lura, "kuka" da "wuya" suna kama da 'yan gida ɗaya, alhali unguwa ma ba su haɗa ba.

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da tsadar masara da kuɗin data, wane ne ke da lokacin wasa da kalmomi? Tambaya ce mai kyau. Sai dai a duba abin da yaranmu ke yi da wayar a yanzu. Wasu na shagunan cacar ƙwallo, wasu na jan bidiyo da yatsa har asuba. Wannan wasa sau ɗaya ne a rana, minti goma ya ƙare, ba kuma ya cin ko sisi in a takarda aka buga shi ko a rediyo aka karanta. Yana koya wa yaro ya dakata kafin ya yanke hukunci, ya duba duka kafin ya zaɓi ɗaya. Yana tilasta masa kula da ƙugiya, domin "baki" da "baƙi" ba gida ɗaya za su shiga ba, balle "ƙashi" da ɗan'uwansa marar ƙugiya.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da dare bayan tuwo, kakanninmu kan tara mu a tsakar gida a yi kacici-kacici. Wanda ya kasa sai ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Akwai zaurance, akwai salon magana mai karya harshe. Waɗannan duk makarantar kaifin basira ce. Dandalin ne ya watse, yaran suka koma cikin waya, mu kuma ba mu bi su da kayanmu ba.

Kayan aikin suna nan. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nan, haka Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ba a buƙatar wata babbar manhaja. Malami ɗaya da alli zai iya rubuta kalmomi 16 a allo kowace safiya kafin darasi. Gidan rediyon jiha zai iya karanta su da hantsi, a ba da amsa da yamma. Jaridun Hausa su ware ɗan gurbi a shafin baya.

Taraba kuma tana da abin da Kano ba ta da shi a wannan fage. Hausa a nan harshen kasuwa ce da tasha, tana zaune tare da Fulatanci da Mumuye da Jukun da Tibi da Kuteb da sauransu. Mai tsara wasa zai iya jero Gwoi da Ranewo da Selbe, ya jira ya ga wa zai tuna cewa "Mayo" ne ke gabansu duka, wato kogi da Fulatanci. Ranar da aka sa kalmar Mumuye ko ta Jukun, dole ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ka ce, "Malam, taimaka mini da wannan." Tun da aka ƙirƙiri jihar a 1991 ake kiran a zauna lafiya a taruka. Irin wannan ƙaramar tambaya tsakanin maƙwabta ma tana da nata amfanin.

Ku aiko da amsoshinku, ku kuma aiko da naku 16 ɗin, zan buga wanda ya fi tarko a mako mai zuwa. Wanda nawa ya gagare shi, ya ba ni gari kamar yadda al'ada ta tanada. Gembu ta kan tsaunin Mambila nake so, domin zafin Jalingo ya ishe ni.